Kujerun VIP a Ƙauyen Kawu

Haruffa uku ne da farin fenti a bayan kujera: VIP. Mu a bakinmu bi-ai-fi muke cewa. Na fara ganinsu a wani ofis a Gwarzo, inda na yi aikin masinja bayan na gama firamare, don karatuna na boko a nan ya tsaya. Kujeru huɗu ne masu hannu, katakon baƙi, kushin ja. Kowace safiya ni nake goge su, in jera su a ɗakin taro, in kuma sa ido kada wani ya zauna a kai sai wanda aka ce ya zauna. Wata rana na tambayi akawunmu abin da haruffan suke nufi. Ya ce Turanci ne aka gajarta, wato mutum mai matuƙar muhimmanci. Na ce to wane ne yake tantance mai muhimmancin? Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Kai dai goge kujera."

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, wanda 'yan boko suke kira ostariti. Sabulu ya ɓace a kanti, madara ta zama labari, sukari sai an bi layi. Aka ce za a rage ma'aikata, kuma ba sai na faɗa ba, daga masinja ake farawa. Da aka sallame ni ba a daɗe ba aka yi gwanjon tsofaffin kayan ofis, tebura da kabad da wata fanka da ta daina juyawa. Na ga kujeruna a yashe a rana, ƙafar ɗaya ta karye, kushin ɗin wata ya fashe soso ya leƙo. Raina ya ƙi yarda. Na ɗauki abin da aka sallame ni da shi na saye su duka, na ɗora a amalanke na kai gida.

Mai ɗakina ta fito ta tsaya a tsakar gida, hannu a ƙugu, tana kallonsu.

"Malam, mutane suna sayen gero, kai ka sayo kujera?"

"Ba kujera ba ce kawai. Dubi bayanta."

"Na duba. Da rubutun za mu yi tuwo ko da soson?"

Yayana ne ya samo mini amsar tambayar nan. Shi kafinta ne a Kabo, mutum mai yawan dariya, in yana sassaƙa ma dariya yake. Ya zo ya ga kujerun, ya yi dariyarsa ta ishe shi, sannan ya gyara ƙafar da ta karye, ya ɗinke kushin. Ya ce yana da ragowar katako, zai buga bencina, mu haɗa da kujerun mu riƙa ba da haya ga masu suna da ɗaurin aure da taron makaranta. Haka muka fara. Da farko a amalanke muke turawa, daga baya muka sami wata tsohuwar akori-kura wadda ba ta tashi sai an lallashe ta.

A yawon haya ne na gane haruffan nan ba ma'ana ɗaya suke da ita ba, kowa da yadda ya ɗauke su. Wani direba a tashar Gwarzo ya rubuta su a ƙofar gidan gaba na motarsa, duk da cewa wanda ya zauna a wurin gwiwarsa a kan akwatin giyar motar take kwana. A gidan kallo, bencin da ke kusa da talbijin, mai wurin jingina, shi ne bi-ai-fi. Da ma'aikatan lafiya suka zo koya wa mutane haƙa masai na zamani, mai bututun fitar da iska, shi ma haka suka kira shi, wai wasu kalmomin Turanci ne daban suka yi dace da haruffan. Yaya ya yi wata guda yana tsokanata da wannan. Wata tsohuwa kuwa a Mainika, da muka kai kaya gidan biki, ta shafa rubutun da yatsa ta ce, "Ashe maza ma suna yi wa kayansu shaida." Ita a ganinta irin ɗigon fentin nan ne da mata suke yi a gindin kwano don kada ya ɓata a biki. Ban gyara mata ba, don ita ma tata ma'anar ta zauna.

A wurina kuwa ma'anarsu abinci. In mutum ya zo ya ce, "A haɗo mana da bi-ai-fi," na san taron babba ne, kuma gidana zai ga nama a miya.

Sannu a hankali aikin ya wuce kai kujera a sauke. Masu taro suka fara tambayata wa zai zauna a dama, wa zai zauna a hagu, hedimasta ne gaba ko malamin asibiti. Ni kuma na ga yadda ake yi a ofis, sai in tsara. Aka laƙaba mini Sarkin Kujera. Na so sunan nan fiye da yadda ya kamata, har na ɗinka wata riga ta musamman don ranar taro.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano harkarmu ta sake salo. Kiɗan biki ya ja baya, walima da wa'azi da saukar karatu suka yawaita. Ana ware wa mata wurinsu, maza nasu. Mu dai ba mu rasa aiki ba, don ko wane irin taro ne sai an zauna. A waɗannan shekarun ne abin ƙauyen Kawu ya faru.

Kawu wan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, a wani ɗan ƙauye can gaba da Dugabau. Manomi ne, ba ya son yawan magana, kuma ban taɓa ganinsa a kan kujera ba sai buzu. Ƙauyen nan ba abin da ya dame shi irin ruwa. Da bazara ta yi, rijiyoyi sai su ƙafe, mata su riƙa tafiya rafi suna tonon yashi, su jira ruwa ya tsatso su kwarfa da ƙoƙo. Ni kaina na yi wannan tonon ina ƙarami, na san yadda rana take dukan ƙeya a cikin ramin.

'Yar Kawu ta fari, wadda take taubashiyata, tana aure a Kano. Mijinta, Alhaji, ɗan wajen Durun ne, Allah ya buɗa masa har ya mallaki injin haƙar burtsatse. A shekarar ya yi niyyar haƙa rijiya guda sadaka kafin ruwan sama ya sauka. Labari ya bazu, ƙauyuka suka yi ta aike. Mai karatu zai ce to ai abin da sauƙi, Kawu ya yi wa surukinsa magana mana. A wurinmu ba haka ake yi ba. Mutum ba ya roƙon mijin 'yarsa ko allura, balle 'yar fari, wadda ko sunanta Kawu ba ya kamawa. Shi ma Alhaji tun da ya auri 'yar, tsakaninsa da Kawu gaisuwa ce a durƙushe, daga nesa, ba takalmi, kai a ƙasa. Ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba, ba su taɓa haɗa ido ba.

Saboda haka mutanen gari suka yi dabara. Makarantar Islamiyyarsu za ta yi saukar karatu, sai suka gayyaci Alhaji a matsayin babban baƙo, don ya faɗi alkawarin da bakinsa a gaban jama'a. Aka ba ni aikin rumfa da wurin zama.

Hajiya, taubashiyar tawa, ta riga mijinta zuwa. Da na je sauke kaya na shiga cikin gida mu gaisa, na same ta tana tsince shinkafa.

"A'a, Sarkin Kujera! Har yanzu kana nan da gwanjon nan naka? Kuɗin cizon ciki ai sun yi jikoki."

"Mijinki ne zai zauna a kai, sai ki shirya masa man shafawa."

Ta yi dariya, sannan ta ajiye faifan ta rage murya. "Ka saurara, ba wasa nake ba. Zuciyarsa tana nan garin. Amma mutanen wani ƙauye ta wajen Mainika sun matsa masa, har ya ce musu su jira shi bayan taron nan. In ya bar wurin nan bai faɗa da bakinsa ba, ka san shi da jin nauyi, injin can zai tafi. Ka tsara abin nan da kyau."

"Hajiya, ni kike gaya wa tsari?"

A nan ne wautata ta shigo. Kawu ba ya zuwa taro, kowa ya sani, kuma mutanen gari da wannan suka dogara. Ni kuwa ina so Kawu ya gan ni sau ɗaya cikin rigata ta taro, da lasifika a hannu, manya suna zama inda na nuna musu. Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Bayan mun gaisa na ce jikokinsa suna cikin masu sauka, ya kamata ya je ya sa albarka.

"Su wa za su zo?" in ji shi.

"Manyan baƙi ne daga Kano, Kawu."

Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. A raina cewa nake taro taro ne, zamani ya sake, a wurin taro ba surukuta. Kawu ya ce to, Allah ya kai mu.

Ranar taro bayan azahar muka gama shiri. An kafa rumfa a filin makaranta, gefen wata babbar darbejiya. Kujerun nan huɗu na ɗora su a kan barandar aji, na shimfiɗa musu darduma, don kowa ya hango su. Dattawan gari suka zauna a ƙasa a kan tabarmi da buzaye, dab da barandar, suna fuskantar kujerun. Liman yana tsakiyarsu, Kawu yana gefensa da sandarsa a kwance. Matasa suna kan bencina a baya, mata kuma can gefe bayan zana. Uku daga cikin kujerun sun sami masu su: wakilin dagaci, shugaban makarantar, da wani malami da aka ɗauko daga Gwarzo don ya yi nasiha. Ta huɗun, wadda Yaya ya sake wa kushin, ita ke jiran Alhaji.

Mota ta tsaya. Alhaji ya fito cikin farar shadda tana ƙyalli, hula ta zauna, ƙamshin turare ya riga shi isowa. Na ɗaga lasifika na yi masa maraba da duk kalmomin da na tara tun zamanin ofis. Na bi da shi ta gefe, ta bayan rumfa, na hau da shi baranda. Ya dafa hannun kujera, ya tattara rigarsa zai zauna, ya juyo don ya ɗaga wa jama'a hannu. Sai ga Kawu a gabansa, a ƙasa, kai tsaye.

Ban taɓa ganin mai jiki irin na Alhaji ya sauko daga baranda da sauri haka ba. Kafin in ƙifta ido takalmansa suna sama, shi yana ƙasa, ya ja baya can gefe ya durƙusa a kan turɓaya, farar shaddar nan ta baje.

"Baba, ina wuni."

Kawu ya kawar da kai yana kallon gindin darbejiya. "Lafiya."

"Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

"Ya zafi? Ya iyali? Ya ibada?"

Haka suka yi ta yi, ɗaya yana gaida turɓaya, ɗaya yana amsa wa bishiya. Gaisuwa ta ƙare, Alhaji bai tashi ba. Malamin Gwarzo ya ga babban baƙo a ƙasa, sai ya miƙe tsaye daga kujerarsa. Shugaban makaranta ya bi shi. Wakilin dagaci ya ɗan ɗaga, ya ɗan koma, ya tsaya a tsakani yana riƙe da hannun kujera kamar mai ciwon baya. Matasan da ke kan bencina suka fara zamewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Fili ya yi tsit, sai kukan wata akuya daga nesa.

Na lallaɓa na tsuguna kusa da Alhaji. "Alhaji, ga kujerarka can."

Bai ɗago ba. "Kai ka hau."

"Alhaji, taro ne fa."

"Taron ya fi Baba ne? Kai ka kawo shi nan, ko? Za mu haɗu."

Na rarrafa wajen Kawu. "Kawu, ko za ka daure ka hau kujera?"

"Liman yana ƙasa?"

Na juya wajen Liman. "Allah gafarta Malam, ko za ka taimaka ka fara hawa?"

Liman tsoho ne mai barkwanci. Ya dubi barandar, ya dubi gwiwoyinsa. "Ɗana, in na hau can wa zai sauko da ni? Kuma ko mun hau ni da kawunka, kana jin mutumin nan zai zo ya jera kafaɗa da shi? Ka yi tunani mana."

Gaskiya ya faɗa. A sama ba dama, a ƙasa ba dama. Ina cikin wannan sai na ga Kawu ya miƙa hannu ya jawo sandarsa, yana laluben takalmi da ƙafa.

"Bari in je in duba awaki," in ji shi, ba tare da ya dubi kowa ba.

Nufinsa ya ba surukinsa wuri. Amma a wurin Alhaji wannan ya fi komai muni: a ce ya zo gari, uban matarsa ya tashi daga taron jikokinsa saboda shi. Sai ya fara ja da baya a durƙushe, yana cewa, "A'a, Baba ya zauna, Baba ya zauna. Ni dama akwai inda zan je. Na dawo wata rana." Ya miƙe a sunkuye ya nufi mota ba takalmi, yana yafito direbansa.

Daga bayan zana na ji an kira ni, ba da ƙarfi ba, amma muryar ta huda ni. Na matsa. Ta wata 'yar kafa na hango idon Hajiya ɗaya.

"Sarkin Kujera," in ji ta, "wallahi in injin nan ya tafi Mainika, kai za ka riƙa ɗebo wa garin nan ruwa, a cikin kujerun. Ga matan gari nan duk sun ji."

Daga bayanta wata ta ce, "Mun ji, kuma mun shaida."

Na juya ina zufa. Abin da ya cece ni a wannan lokaci Yaya ne. Akori-kurarmu tana tsaye a bakin hanya, kuma hanyar guda ce, tsakanin katanga da shingen gona. Da ya ga abin da ke faruwa sai ya tura ta ta tare bayan motar Alhaji, ya buɗe gabanta ya cusa kai ciki. Direban Alhaji ya yi ta danna ham.

"Malam, ka matsar mana!"

Yaya ya ɗago, fuska duk baƙin mai. "Yi haƙuri, ɗan'uwa. Tsohuwa ce, in ta yi fushi sai an bi ta a hankali. Ko kana da sifana mai lamba goma?"

"Ba ni da ita."

"To ka gani."

Ina hango kafaɗunsa suna rawa, dariya yake a cikin injin.

A nan Liman ya riƙe gefen rigar Kawu da hannu ɗaya, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inuwar darbejiya. La'asar ta shiga, ko da yake mutanen garin ba su saba yin ta da wuri haka ba. Ya ce da ladan, "Tashi ka kira salla."

Da aka kira salla ba mai sauran tafiya ko'ina. Kawu ya ajiye sanda. Alhaji ya sauke ƙafar da ya riga ya sa a mota. Aka fito da butoci, aka riƙa tsiyaya ruwa daga wata jarka, kaɗan-kaɗan, mai rabon yana cewa a yi tattali. Ni na kai wa Alhaji buta. Ya zuba a tafin hannunsa zai kurkure baki, sai ya tsaya yana kallo. Ruwan ja ne, irin na tonon yashi, har da ɗan laka yana kwanciya a layin hannunsa.

"Wannan suke sha?" ya tambaye ni a hankali.

"Wannan ma an tace shi ne saboda baƙi."

Ya yi alwalarsa.

Aka jawo tabarmi aka yi sahu a fili. Kawu yana sahun farko, bayan Liman, inda ya saba tsayawa. Wakilin dagaci da malamin Gwarzo suka shiga inda suka sami wuri, wani manomi a dama, wani mai gyaran keke a hagu. Alhaji ya tafi sahun ƙarshe, can ƙarshen layi. Muka yi salla.

Da aka sallame aka yi addu'a, mutane suka fara motsi za su tashi. Liman ya ɗaga hannu.

"Kowa ya zauna inda yake. Kada wanda ya waiwaya, ku ci gaba da fuskantar gabas. Baƙonmu yana da magana, daga inda yake zai yi ta. Kai mai kujera, kai masa abin maganar."

Na bi ta bayan sahu na miƙa wa Alhaji lasifika. Ya karɓa yana zaune, ya lanƙwashe ƙafa. A gabansa ba fuskar kowa, sai ƙeya da huluna. Kawu yana can gaba, bayansa kawai ake gani. Na ga kafaɗun Alhaji sun sauka, ya yi ajiyar zuciya. Ya yi sallama, ya yi wa yara masu sauka addu'a, ya gode wa malamansu. Sannan ya ce, "Iyayenmu na wannan gari, na ga ruwan da kuka ba mu muka yi alwala. In Allah ya yarda, injina ba zai je ko'ina ba sai ya fara zuwa nan, kafin ruwan sama ya sauka. Ku nuna wa yarana wuri kawai."

Fili ya ɗauki kabbara. Daga bayan zana wata tsohuwa ta manta da zamanin da ake ciki ta rangaɗa guɗa, aka yi ta cewa ta yi shiru, ita kuwa sai da ta kai ƙarshe. Malamin Gwarzo ya yi kamar bai ji ba. Ni idona yana kan bayan Kawu. Bai motsa ba. Can sai ya ɗan karkata wajen Liman, kamar Liman ne ya yi alkawarin, ya ce, "Madalla, Malam. Allah ya yi albarka."

A nan kan tabarmi aka ƙarasa taron. Yara suka zo suka yi karatunsu a gaban Liman, malami ya yi nasiharsa a zaune, aka raba shinkafa. Kafin a kawo abinci Alhaji ya sulale ya koma bayan aji, ya ci nasa a can shi da Yaya, wanda motarsa ta warke ba tare da sifana ba.

Da yamma na je sallama da Kawu. Yana zaure. Na cire hula na tsuguna a bakin ƙofa.

"Manyan baƙi daga Kano," in ji shi.

"Kawu, na yi kuskure. A yafe mini."

Ya daɗe yana murza igiya. "Ka sa bawan Allah ya ɓata rigarsa," in ji shi. Daga baya ya ƙara da cewa, "Taka rigar ma ta yi kyau. Na gani." Na fita daga zauren nan ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Alhaji ya cika alkawari. Bazara ba ta ƙare ba sai ga injin a bayan babbar mota, yara suna bin ta da gudu. Wurin da masu auna ƙasa suka zaɓa ya faɗo a gefen gonar Kawu, dab da gidansa. Kawu ya ce a haƙa. Washegari da sassafe ya ɗaure 'yan kayansa ya ce zai je Durun duba wani ɗan'uwansa da ba shi da lafiya. Ɗan'uwan nan lafiyarsa ƙalau, na gan shi a kasuwa yana cinikin rago. Kawu ya tafi ne don surukinsa ya sami damar tsayawa a kan aiki, ya ɗaga murya, ya yi wa ma'aikata faɗa, ya sha ruwa a tsaye, ba tare da yana waige ba. Alhaji kuwa ya yi faɗan har muryarsa ta dushe, don sun tarar da dutse, haƙorin injin ya karye, sai da aka aika Kano aka kawo wani. Mata suka riƙa zuwa suna leƙe suna komawa. Duk ranar da na je, Hajiya sai ta aiko a tambaye ni ko na taho da kujerun ɗiban ruwa.

Ranar da ruwa ya ɓalle ina wurin. Ya fara fitowa da laka, ya yi tsiri sama ya jiƙa kowa, sannan ya washe. Aka sa famfo, aka yi dakali da siminti. Sai da komai ya kammala aka aika Durun aka ce wa Kawu ya dawo.

Ya iso da hantsi, ya zauna a zaurensa. Aka ɗebo ruwan a sabuwar ƙwarya, ni na miƙa masa. Ya duba cikinta, ana ganin gindin ƙwaryar tar. Ya yi bisimilla ya kurɓa, ya juya shi a baki.

"Yana ɗan warin ƙarfe," in ji shi.

"Sabon bututu ne, Kawu. Zai daina."

Ya shanye, ya miƙo ƙwaryar. "Ƙaro."

Na ƙaro. Ya sha rabi, ya shafa sauran a fuska da gemu. Sannan ya dubi bango ya ce, "In ka je Kano, ka gaya wa mutumin nan an gode. Ka ce Allah ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mu."

Mutumin nan ba ya Kano. Yana tsugune a bayan bangon zauren tun ɗazu, takalmansa a hannu, kuma Kawu ya sani sarai, don motarsa tana tsaye a ƙofar gida. Duk da haka sai da na tashi, na sa takalmina, na fita, na zagaya bangon, na yi masa sallama kamar na yi doguwar tafiya, na isar da saƙon kalma bayan kalma.

Alhaji ya saurara har na gama, idonsa ya kawo ruwa. Ya share da bakin riga, ya ce, "Koma ka ce Baba ya yi haƙuri da warin ƙarfen."

Na sake zagayawa.